Man Fitilar Kawu

Kibiyoyin Yaya ba sa ƙarewa, kuma daga nan ne kofunan suka samo asali.

Wasa ne muke yi kowace Asabar da rana, a kan teburin cin abincinmu mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wanda Umma ta tokare da naɗaɗɗen kwali. Mutum ɗaya ne ke ba da labari: ya ce ga daji, ga kogi, ga wani abu yana motsi a bayan dutse. Sauran kuma kowa yana da mutuminsa a cikin labarin, shi zai faɗi abin da mutumin nasa zai yi, sannan a jefa dayis irin na ludo a ga ko ya dace. Yaya ne ya kawo wasan gida, amma littafin dokokin ya yi masa kauri, ni kuwa ba abin da nake so kamar littafi mai kauri. Haka na zama Mai Labari, ni da idan malami ya kira ni a aji sai harshena ya ɗaure.

Mu huɗu ne. Yaya shi ne Maharbi. Dogo, mai askin da shagonsa ke ƙasan benenmu, shi ne Mai Magani. Sai Kawu, yayan Umma, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a cikin gari har ya yi ritaya. Da na tambaye shi wane irin mutum yake so a cikin labarin, sai ya ce shi ba ya faɗa, ba ya tsafi, a ba shi aikin da ya sani: ya shige gaba, mutane su biyo shi. Na ba shi fitila. Ya zama Mai Fitila.

Da farko a takarda kowa ke rubuta abin da mutuminsa ke ɗauke da shi. Takardar Dogo kullum shayi ne ke zuba a kanta. Ta Yaya kuwa gogewa ta huda ta. Wata Asabar ya yi ta harbin wani dodo tun daga bakin kogi har tsallake, Kawu yana kallonsa ta saman tabarau.

"Kai, ɗan nan," in ji Kawu, "kwarin nan naka rijiya ce?"

"Saura uku, Kawu."

"Tun ɗazu saura uku. Ukun nan haihuwa suke yi?"

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya har ya buge dayis ƙasa. Kawu ya miƙe ya nufi lungun da keken ɗinkin Umma yake, ya ɗauko gwangwanin maɓallanta. Umma ta ce kada a taɓa mata kayan sana'a, ya ce aro ne. Ya jera kofuna uku. Ya zuba jajayen maɓallai a kofin Yaya, ya ce kibiyoyi ne. Ya zuba farare a na Dogo, magani ke nan. Ya tsince rawaya, tsofaffi masu huda biyu da suka koɗe, ya zuba a nasa, ya ce man fitila. Sannan ya sa Dogo ya tsaga murfin wani gwangwanin madara, aka ajiye a tsakiyar tebur.

"Doka ɗaya ce," ya ce. "Abin da ke cikin kofinka shi ne abin da kake da shi. Ka harba, ka jefa ɗaya a gwangwani, kowa ya ji ƙwal. Ba a buɗe gwangwani sai an isa gari. Wanda ya manta, shi zai wanke kofunan shayi."

Yaya ya wanke kofuna har hannunsa ya yi fari. Dogo ma ya sha wanki. Kawu bai taɓa ba. Duk lokacin da labari ya shiga duhu, kafin ya buɗe baki hannunsa ya riga ya kai gwangwani. Ƙwal. Sannan ya gyara zama ya ce, "To, ku biyo ni." Idan Yaya ya yi ƙorafi, sai ya ɗauko tsohon kirarinsa.

"Ni ban taɓa sauke fasinja a tsakiyar titi don mai ya ƙare ba. Ko allurar mai ta mutu, a kujera nake jin nauyin tanki."

"Mun ji, Kawu."

"Ba ku ji ba. Da kun ji da hannunka bai yi fari ba."

Shi ya sa ranar da ya fara mantawa muka yi murna. Ban san yadda zan faɗi wannan ya yi daɗin ji ba. Murna muka yi.

"Kawu," in ji Yaya, yana wani irin murmushi, "ban ji ƙwal ba."

"Wane ƙwal?"

"Mun wuce gada, mun shiga rami, fitila tana ci. Ina mai?"

Dogo ya tafa hannu. "Yau ake yin ta! Ni ne wanzami a teburin nan, amma ashe Kawu ne ba ya son jarfa."

"Na saka," in ji Kawu.

"Ba ka saka ba, ɓarawon mai."

Ya juyo ya dube ni. "Mai Labari?"

Na ce bai saka ba. Ya yi dariya, ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka kama, ya jefa. Da yamma ya tattara kofunan shayi ya nufi kicin, Yaya na rera masa waƙar tsokana a baya. Asabar ta gaba ma haka. Wadda ta biyo ta ma haka. Dogo ya fara kiransa Alhajin Mai, wai ya buɗe gidan mai a cikin labari. Kowa ya ɗauka tsufa ne ya koya masa wayo.

A ta ukun ne na ji ruwa ya daɗe yana zuba. Na leƙa kicin. Kawu na tsaye gaban famfo, kofi a hannu ɗaya, soso a ɗaya hannun, ruwa na gudu a tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba. Bai ji shigowata ba. Da ya juyo, fuskarsa ta yi kama da ta mutumin da ya sauka a tashar da ba tasa ba.

"Auta," ya ce a hankali, "me aka ce in yi da wannan?"

Na karɓi soson. Na ce ba komai, na ce ni ma ina mantawa. Daga falo Yaya ya ɗaga murya ya ce kada in taya shi, doka doka ce.

Ba a daɗe ba wani direba da suka taɓa aiki tare ya kira Umma. Ya ga Kawu zaune a tashar bas ta ƙarshe, can inda layin ke juyawa, yana tambayar mutane motar da ke zuwa unguwarmu. Layin da ya yi shekaru yana tuƙawa. Umma ta kai shi asibiti, ni na raka su. Muka zauna a kan kujerun roba da aka haɗe da ƙarfe, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta faɗa masa kalmomi kaɗan ta ce ya riƙe, ta yi masa hira, sannan ta ce ya maimaita. Ya tuna ɗaya. Ya dube ni kamar yadda yake dubana a tebur in yanke hukunci, ni kuwa na sunkuyar da kai ina karanta rubutun jikin takalmina.

Da muka dawo Umma ta zauna gaban keke ba ta taka ba. Ta ce, "Ciwon mantuwa ne ya kama kawunku. Ba ya warkewa. Sai dai a lallaɓa."

Yaya ya fita baranda ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja, ya ce, "Kuma muna sa shi wanke kofi."



Kawu ya dawo gidanmu da zama, aka sa masa gado a ɗakin Yaya. Likitar ta ce kada a raba shi da abin da ya saba, don haka Asabar ba ta tsaya ba. Amma kafin ta farkon, Yaya ya tare ni da Dogo a kan matakala, inda ƙarar injin askin yaran shagon ke rufe magana.

"Daga yau ba mai ce masa mai," ya ce. "Ya saka, ya saka. Bai saka ba, shi ke nan. Kun ji ko?"

Dogo ya ce ya ji. Ni ma na ce na ji.

A lokacin, a cikin labarin, mutanenmu sun riga sun shiga wani kogo a ƙarƙashin dutse suna neman hanyar ɓullewa ɗaya gefen. Ni na tsara kogon, tun kafin mu san komai, kuma na tsara shi da tsawo. Babu gari a ciki, babu kasuwa, babu inda za a sayi mai. Kawu yakan manta, amma hannunsa bai manta duka ba. Wani lokaci yana cikin kallon bango sai hannun ya tafi da kansa. Ƙwal. Kofin yana raguwa a hankali, ni kuma ina leƙawa.

Na ga yadda abubuwa ke fita daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Umma ta karɓe makullin gida bayan ya bar ƙofa a buɗe. Ta hana shi kunna risho. Wayarsa ta koma aljihun tebur. Duk inda ya juya a gidan sai a ce, "Bari, Kawu, zauna, za a yi." Teburin nan kaɗai ya rage inda mutane ke yin shiru su jira shi ya yi magana. Idan fitilar ta mutu, me Mai Fitila zai yi? Ina kwanciya ina ganin ranar: ya leƙa kofi ya ga wayam, ya gane ba shi da sauran aiki, ya ture kujera ya tashi, kuma ba zai sake dawowa ba.

Ranar da na ga saura biyu a gindin kofin, sai na je lungun Umma. Tana ɗinka rigunan wata makaranta, ta sayo sababbin maɓallai rawaya, masu sheƙi, masu huda huɗu. Na ɗebi cikin hannu na zuba a kan tsofaffin biyun. Daga ranar, kowace Asabar kafin a zauna, sai in cika. Yaya ya gani, ya kawar da kai. Umma ta ga ledar maɓallanta na raguwa, ba ta tambaya ba.

Na yi zaton na gyara. Amma wasan ya canza, kuma na daɗe ban gane ta ina ya canza ba. Dodannin da na tanada na rage musu haƙori. Ramin da ya kamata ya faɗa, sai in ce ya tsallake tun kafin dayis ya tsaya. Dogo ya daina cewa Alhajin Mai. Yaya kuwa, shi da aka yi kofunan dominsa, ya zama mutumin da ya fi kowa kiyayewa. Kafin ya harba ya jefa. Ƙwal. Ba tsokana, ba musu, ba saura uku. Abin da muka yi ta fama a samu, an samu, kuma ba wanda ya ji daɗinsa. Kawu yakan ce, "To, ku biyo ni," mu kuma mu ce "To, Kawu," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya.  A hankali ya fara tambaya ko an kusa tashi.

Sai wata Asabar ya tashi garau. Ciwon haka yake, yakan saki mutum na ɗan lokaci kamar ya manta da shi. An yi ruwa da safe, baranda na ɗiga. Ya fito da kansa ya zauna a kujerarsa, ya dubi Dogo ya ce askin da ya yi masa wancan makon kamar akuya ta yi kiwo a kansa. Dogo ya buɗe baki zai rama, ya tuna, ya haɗiye, ya ce, "Yi haƙuri, Kawu."

Kawu ya dube shi ya daɗe.

Na fara labari. Na ce hanya ta yi ƙunci, ruwa na ɗiga daga sama. Kawu ya kai hannu kofinsa, amma bai ɗauki maɓalli ba. Kofin ya ɗaga gaba ɗaya. Ya riƙe shi a tafin hannu yana ɗan jijjigawa sama da ƙasa, kamar mai awo.

"Mai Labari."

"Na'am, Kawu."

"Tun yaushe muke cikin kogon nan?"

"An ɗan jima."

"An jima." Ya sake jijjiga kofin. "Ni dai ban san ranar da muka shiga ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, abubuwa da yawa sun zube mini. Amma na san mun daɗe. Kuma tankin nan cike yake."

"Kai ne mai tattali, Kawu," in ji Yaya da sauri.

"Rufe mini baki, ɓarawon kibiya." Bai ɗaga murya ba. "Motar da man cikinta ba ya raguwa ba tafiya take yi ba. A gareji take, an ɗora ta kan dutse, yara na wasa da sitiyari."

Ya kifar da kofin a kan tebur. Maɓallai suka watse, wasu suka gangara ɓangaren gajeriyar ƙafar. Ya cire tabarau, ya fara taɓa su ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa. Masu sheƙin yana ture su gefe. Ƙarar keken Umma ta tsaya a lungu. Daga ƙarshe tsofaffin biyu suka rage a gabansa, koɗaɗɗu, masu huda biyu. Da yake na sama yake ɗauka kullum, sun zauna a gindi duk tsawon lokacin.

"Waɗannan na san su," ya ce. "Waɗancan baƙi ne." Ya ɗago. "Kun ajiye ni ne?"

Yaya ya ce, "Kawu, wasa ne fa kawai."

"Na san wasa ne. Shi ya sa nake tambaya. A wasan ma?"

 Na san abin da Yaya ke so in ce: in ce Mai Fitila ya tsinci tulun mai a wani lungu, in ce Kawu ne ya manta. Da na faɗa, da ya yarda, domin ba shi da abin da zai kama ya musa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Duk abin da na ce ya faru, shi ne ya faru, a cikin kogon da ma wajensa.

"Ni na zuba," na ce. Muryata ta fito siririya, irin ta aji. "Na ji tsoron kada ta mutu."

"Fitila ai mutuwa take yi, Auta." Ya mayar da tabarau. "To, yanke hukunci. Nawa gare ni?"

Na dubi biyun. 

"Biyu gare ka. Kowane zango ɗaya. In ka manta zan tuna maka sau ɗaya. In ka yi gardama, kofuna na jiranka a kicin."

Yaya ya zaro mini ido. Amma Kawu dariya ya yi, dariyarsa ta dā, mai fitowa daga ciki tana girgiza kafaɗa. Ya tattara sababbin ya miƙa wa Umma ta bayan kujera.

"Karɓi kayanki, 'yar makaranta na can ba maɓalli." Ya jefa tsofaffin biyu a kofi, suka yi ƙara mai yawa don kofin ba kowa. Ya ɗauki ɗaya. Ƙwal. "To, ku biyo ni."

Na mayar wa kogon haƙoransa. Na ce hanya ta rabu biyu, ta dama tana gangarawa, ta hagu tana da ƙasusuwa a baki. Dogo ya ce a bi dama. Kawu ya ce gangara daɗin shiga gare ta, wuyar fita, ya zaɓi hagu. Na ce ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa, ya jefa dayis. Ya jefa, ya samu biyu. Ban ce ya tsallake ba. Na ce ya faɗi, gwiwarsa ta fashe, amma ya ɗaga fitilar sama ba ta taɓa ƙasa ba.

"Alhajin Mai ya sha ƙasa!" Maganar ta kuɓuce wa Dogo kafin ya kama ta.

"Kawo magani, wanzamin banza, kana tsaye kana surutu."

Dogo ya jefa farin maɓalli yana dariya yana share ido da bayan hannu.

Sai muka kai zango na biyu. Na ce sun bar ramin, sun shiga wani fili mai faɗi da ba a ganin rufinsa. Na tsaya ina jira. Kawu na kallon taswirar da na zana, hannunsa kwance a kan tebur, bai motsa ba. Na ga idonsa ya fara yin nisa. Yaya ya girgiza mini kai kaɗan, yana roƙo. Baranda na ta ɗiga. Ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba.

"Kawu," na ce. "Mai."

Ya dube ni. Ya dubi kofin. Na ɗan lokaci na zaci zai tambaye ni me aka ce ya yi da shi. Sai ya sa yatsu biyu ya ciro na ƙarshen, ya juya shi a haske, ya kai gwangwani.

Ƙwal.

Na ba su filin, na ba su haskensa har ƙarshe. Sannan na faɗi abin da doka ta ce. Na ce harshen wutar ya yi ja, ya yi shuɗi, ya durƙusa a kan lagwani, ya tafi. Na ce duhun irin wanda mutum ba ya sanin ko idonsa a buɗe yake. Ina faɗa ina kallon ƙafafun kujerarsa, ina jiran su ja baya.

Ba su ja ba. Ya matso ne ma, ya dafa tebur da hannu biyu, ya rage murya.

"Kowa ya kama rigar na gabansa. Kada wanda ya saki. Maharbi, kai ne a baya." Ya juyo gare ni ido a rufe. "Mai Labari, ta ina iska ke taɓa ni?"

Ban tanadi iska ba. Ba ta cikin littafin, ba ta cikin taswirata. Na ce ya jefa dayis. Ya samu huɗu. Na ce yana jin ta kaɗan a kuncin hagu, mai sanyi, da ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka. Na ce amma wani abu ma ya ji motsinsu, yana tahowa ta baya.

"Na harba!" in ji Yaya, ya miƙe tsaye. "Na harba inda na ji ƙarar!"

Ya jefa dayis, ya dace, ya buga tebur har kwalin ƙafar ya fice. Muna ta ihu. A cikin ihun ne Kawu ya ɗaga yatsa ɗaya, ya kai shi bayan kunne.

"Ban ji ƙwal ba."

Yaya ya tsaya cak, jan maɓallin na nan a cikin kofinsa. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce in bar shi.

"Kawu, zafin faɗa ne."

"Zafin faɗa. Kicin, ɗan nan. Ka wanke har da na Dogo, shi da yake shan shayi kamar raƙumi."

Yaya ya tattara kofunan. Ruwa ya daɗe yana zuba a kicin, amma wannan karon ban leƙa ba.

Asabar ta gaba Kawu ya fito ya tsaya a bakin falo, ya dubi teburin da kofunan, ya tambayi Umma ko baƙi za a yi. Muka ja masa kujera, ya zauna don ladabi, kamar wanda ya zo gidan mutane. Da na ce, "Mai Fitila, me za ka yi?" sai ya waiga ya ga wa nake kira. Bayan ɗan lokaci ya koma kujerar da ke kusa da taga, inda ake ganin fitilar kan titi da bas-bas suna tsayawa suna tashi. Can ya zama wurinsa.

Mun ci gaba, domin Umma ta ce ƙarar tana sa shi natsuwa. Yaya da Dogo suka bi iskar kuncin hagu, suna riƙe da rigar Mai Fitila, ni kuma ina faɗin cewa yana gaba. Wani lokaci idan gwangwani ya yi ƙwal, Kawu yakan ɗago kai daga taga, ya saurara, ya mayar.

Da suka fita daga kogon suka isa gari, aka buɗe gwangwanin kamar yadda doka ta ce. Dogo ya ce Mai Magani zai sayar da zobensa ya saya wa Mai Fitila mai. Na duba littafin, ya halatta. Na tsince tsofaffin rawaya masu huda biyu, duka, ban bar baƙo ko ɗaya a ciki ba. Na zuba a kofin, na kai masa bakin taga.

"Kawu, an iso gari. Ga manka. Na gaskiya ne."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗora shi a tafin hannu ya jijjiga sama da ƙasa, a hankali, ya gyaɗa kai.

"Cike yake," ya ce. "Zai kai mutum nesa."

Ya miƙo mini da murmushi, irin wanda yake yi wa kowa yanzu.

"Ki ajiye wa mai shi, yarinya."